Likita zai raba ni da tiramadol, yayata kuma ta ce tausa kaɗai ta isa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekarata 47. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon baya da kafaɗu da dokin wuya. An yi hoto, an gwada jini, an ce ba a ga abin tashin hankali ba. Da farko diclofenac nake sha har ya fara cin cikina, ga shi ina da hawan jini, sai aka mayar da ni kan tiramadol. Fiye da shekara yanzu ina shan miligiram 100 da safe, 100 da dare, amma ba ya yi mini aiki kamar da. Sabon likitan da na gani ya ce zai riƙa rage mini shi har in daina, ya rubuta mini amitriptyline. Da na karanta takardar cikin kwalin na ga maganin ciwon damuwa ne, raina ya ɓaci, ban sha ba. Maigida ya ce na zama 'yar ƙwaya. Don in nuna masa ba haka ba ne na daina tiramadol ɗin lokaci guda. Ban runtsa ba, ga zufa, ga gudawa, dole na koma. Yayata ta ce in watsar da magunguna duka in riƙe tausa. Ta kawo mini wata mai tausa, ta murje ni da ƙarfi, na yi kwanaki ko juyawa ba na iya yi. Na rasa wanda zan bi.

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Shekara uku cikin ciwo ba wasa ba ne, balle ciwon da hoto bai nuna ba, wanda kullum sai kin yi rantsuwa kafin a yarda yana nan. Yana nan. Duk ciwon da ya wuce wata uku, likitoci na ɗaukar sa a matsayin ciwo mai daɗewa, kuma sau da yawa ba ƙashi ba ne ya lalace, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ne suka zama masu saurin tashi. Kamar ƙararrawar ƙofa ce da ta lalace, iska ma ta kaɗa sai ta buga. Zafin da kike ji na gaske ne, sai dai maganinsa ba ɗaya ba ne da na sabon rauni. In kin riƙe wannan, sauran maganar za ta zo miki da sauƙi.

Mu fara da abin da ya same ki ranar da kika daina tiramadol, don na ga shi ne ya fi karya miki zuciya. Duk wanda ya sha wannan magani kullum na tsawon watanni, jikinsa na sabawa da shi, ko shi wane ne, ko da bai taɓa ƙara ƙwaya ɗaya a kan abin da likita ya rubuta ba. In aka yanke shi kwatsam, cikin yini guda jiki zai fara kuka: hamma, majina, zufa, tashin tsikar jiki, murɗawar ciki da gudawa, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Abin yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku. Tiramadol ma ya fi 'yan'uwansa rikici, domin ban da aikin da yake yi irin na mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa da magungunan damuwa ke taɓawa, shi ya sa wasu ke jin fargaba marar dalili da wani abu kamar lantarki yana fizgar su a kai. Wannan sabon jiki ne. Jaraba wani abu ne daban: mutum ya riƙa ƙara wa kansa adadi, yana neman maganin ta bayan fage, yana sha don ya ji garau ba don zafi ba, yana ganin illar amma ya kasa bari. Ban ga wannan a wasiƙarki ba. In kuwa akwai wani abu daga ciki da ba ki rubuta ba, ki faɗa wa likita kai tsaye, shi ma yana da magani, kuma ba abin kunya ba ne a ɗakin likita.

Duk da haka, likitanki yana da gaskiya da ya ce a rage. Ke da bakinki kin ce ba ya yi miki aiki kamar da. Haka irin waɗannan magunguna suke: jiki na sabawa, adadin jiya ba ya isa yau, sannan ga wasu mutane daɗewa a kansu na ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi, maganin da kansa ya koma yana hura wutar ciwon. Iyakar tiramadol miligiram 400 ne a yini, kuma tun kafin a kai can haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya yake ƙaruwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da ciwon baya mai daɗewa, inda ta sa rukunin magungunan da tiramadol ke ciki cikin abubuwan da bai kamata a riƙa amfani da su ba, ta sa motsa jiki da tausa cikin waɗanda za a iya bayarwa. Kin ga ke nan yayarki ma ba gaba ɗaya ta ɓata ba.

Abin da ke muhimmi shi ne yadda za a rage. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a cire kusan kashi 10 cikin 100 na adadin duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Ga wanda ya haura shekara yana sha, irinki, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a ƙa'idojinta na 2022 ragin kashi 10 a wata, ko ma ƙasa da haka, ya fi sauƙin jurewa. Ke kina kan miligiram 200, wato matakin farko wajen miligiram 20 ne zuwa 25. Matsalar ita ce kafso ɗin yawanci na miligiram 50 ne, don haka ki tambayi likita yadda zai ƙanƙanta matakin: ko da na ruwa da ake ɗigawa in ana samu, ko ya cire 50 ɗin amma ya bar ki wata guda cur a kan matakin kafin a sake taɓawa. Ki duba kwalinki da kyau. In irin wanda ke narkewa a hankali ne cikin awa 12 ko 24, ba a fasa shi, ba a tauna shi, ba a daka shi, domin duk maganin zai zubo cikin jini lokaci guda. Kwana uku zuwa bakwai na farkon kowane mataki za ki ɗan ji a jikinki, zafin ma zai iya ƙaruwa, sannan ya lafa. In bai lafa ba, ki tsaya a kan matakin nan har jiki ya daidaita, a ɗage ragi na gaba. Tsayawa ba faɗuwa ba ce. Abin da ba a so shi ne komawa sama, musamman bayan an yi nisa: jikin da ya sauko zuwa miligiram 50 ya manta da 200, in kika watsa masa tsohon adadin rana ɗaya don zafi ya tashi, zai iya danne miki numfashi. Matakan ƙarshe, daga 50 zuwa babu, su ne suka fi wuya, a nan ake ƙara sassautawa. Duka tafiyar za ta iya cin wata shida ko fiye, kuma ba laifi.

Sai maganar amitriptyline da ta ɓata miki rai. Takardar ba ta yi ƙarya ba, asalinsa maganin damuwa ne, amma don damuwa ana ba da miligiram 75 zuwa 150 a yini. Don zafi ana farawa da miligiram 10 kacal da dare, a ƙara kaɗan-kaɗan duk mako ɗaya ko biyu in da buƙata, mutane da yawa kan tsaya a 25 zuwa 50. A wannan ƙaramin adadin aikinsa shi ne ya kwantar da jijiyoyin nan masu saurin tashi, ya kuma gyara barci, wanda rashinsa ke ninka zafin gobe. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi tun 2021 cikin magungunan da za a iya gwadawa ga ciwo mai daɗewa da ba a gano wani rauni a bayansa ba. Likitanki bai ce kin taɓu ba. Inda ya gaza shi ne da bai zaunar da ke ya yi miki wannan bayanin ba kafin ki je ki ci karo da shi a takarda.

Ki san halinsa kafin ki fara, don kada ki yar da shi a makon farko kamar yadda da yawa ke yi. Ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Barci na iya gyaruwa cikin mako ɗaya ko biyu, amma zafi sai an yi mako huɗu zuwa shida ana sha kowane dare kafin a yanke masa hukunci. Illolinsa kuwa su ke riga amfaninsa zuwa: bushewar baki, nauyin kai da safe, taurin bayan gida, jiri in an miƙe da sauri. Nauyin kan nan yakan ragu in kika sha shi awa biyu ko uku kafin kwanciya maimakon a bakin gado. In za ki tashi, ki fara zama a gefen gado na ɗan lokaci, musamman da yake kina shan maganin hawan jini. Kada ki tuƙa mota sai kin ga yadda yake yi miki. Ki gaya wa likita in kina da ciwon zuciya ko bugunta na rikicewa, ko hawan jinin ido, ko wahalar fitsari. Kuma ki kulle shi inda yara ba sa kaiwa, ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro.

Akwai tambaya guda da nake so ki yi wa likita da bakinki: ya za a yi da haɗuwar tiramadol da amitriptyline a lokacin da kike kan duka biyun? Ana haɗa su a ƙaramin adadi bisa sa ido, amma haɗin na ƙara haɗarin jijjiga da kuma wani yanayi da serotonin, ɗaya daga cikin sinadaran ƙwaƙwalwa, ke yin yawa a jiki. Alamunsa rawar jiki, tsoka na fizga, zufa mai yawa, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ruɗewa. In kin ga haka, asibiti a take, ba a jiran safiya. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake ba ki shawarar kada a canja abu biyu a mako ɗaya. In an fara amitriptyline, a bar tiramadol yadda yake na mako biyu, sannan a fara ragi. In an rage tiramadol a wannan makon, ba a ƙara amitriptyline sai wani makon. In komai ya motsa tare kika ji ba daɗi, babu wanda zai iya gane mai laifin.

Diclofenac kuwa ki bar shi inda kika ajiye shi, shi da danginsa irin su ibuprofen da piroxicam. Cikinki ya riga ya yi miki gargaɗi, suna kuma ɗaga hawan jini, kuma in aka haɗa su da wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril da masu sa fitsari, ƙoda ce ke biya. Yawancin magungunan ciwon jiki da ake haɗawa cikin ƙwaya ɗaya suna ɗauke da ɗayansu, sai ki riƙa karanta kwali. A ranar da zafi ya tashi, farasitamol giram ɗaya ya fi aminci, tsakanin sha da sha aƙalla awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini, ƙasa da haka in jikinki bai kai kilo 50 ba ko kina da matsalar hanta. Diclofenac na shafawa kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, ki tambayi likita ko ya halatta miki.

Yanzu tausa. Abin da aka yi miki ba shi ne tausar da jikinki ke buƙata ba. Akwai masu ganin in ba a ji zafi ba tausa ba ta shiga ba, su sa gwiwar hannu, su hau baya da ƙafa, su murɗa wuya har ya yi ƙara. Ga mai jijiyoyin da suka riga suka zama a tsorace, wannan ƙarin duka ne, tsoka sai ta ƙara ɗaurewa don kare kanta. Tausa mai amfani tana sassauta tsoka, ta kwantar da hankali, ta ba da sauƙi na awoyi zuwa 'yan kwanaki. Ba ta warkar da ciwo mai daɗewa, ba ta kuma hana alamun yanke tiramadol, shi ya sa ba za ta maye gurbin ragin a hankali ba. Amfaninta a wurinki shi ne ta rage miki wuyar makonnin ragi, ta kuma buɗe miki ƙofar motsa jiki.

In da hali ki fara da likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, ya duba ki, ya nuna wuraren da za a taɓa. Ki gwada zama na minti 30 zuwa 45, sau ɗaya a mako, na mako huɗu zuwa shida, sannan ki auna. Tun kafin a taɓa ki ki faɗi magungunan da kike sha, ki kuma ce ke za ki riƙa faɗin ƙarfin hannu. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kin fara riƙe numfashi ko cije baki, an wuce gona da iri. Ɗan tsamin jiki na yini ɗaya ba komai. In kin kwana biyu kin fi da muni, a rage ƙarfi da lokaci zuwa rabi. Kada ki sha ƙarin maganin zafi kafin tausa don ki jure, zai rufe miki bakin jikin da ya kamata ya ce a dakata.

A gida ma ana iya yi, minti 10 zuwa 15 ya isa. Ki kwanta rub da ciki da ƙaramin matashi a ƙarƙashin mara, ko a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi in rub da ciki na takura ki. Mai yi ya ɗumama mai a tafin hannunsa, ya fara da shafa mai tsawo daga ƙugu zuwa kafaɗu, hannu ɗaya a kowane gefen ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba, a hankali, na kamar minti biyar. Sannan ya kama naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya riƙa matsawa yana saki. Inda ya ji wani ƙulli a tsoka, yawanci kusa da allon kafaɗa, ya ɗora babban yatsa ya danna daidai yadda za ki iya numfashi cikin natsuwa, ya riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ya saki. Ya rufe da shafar farko. Gaban wuya da gefensa inda jijiyar jini ke bugawa ba a danna su. In ba kowa, ƙwallon tanis tsakanin bayanki da bango na yin aikin yatsan. Gashi da tawul mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 kafin a fara na taimakawa, amma kada ki ɗora zafi a kan wurin da kika shafa man zafi, kada kuma barci ya ɗauke ki a kan jakar ruwan zafi, yanzu da za ki fara maganin da ke sa barci mai nauyi.

Akwai lokutan da ba a tausa sam. In sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ja, hannu bai taɓa ta ba sai likita ya gani, domin gudan jini ne ake tsoro, matsa shi na iya tura shi huhu. Haka in akwai zazzaɓi, ko rauni ko ƙuraje a wurin. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai raunin ƙashi, shafa mai laushi kawai ta dace da su. Wasu alamun kuma ba na tausa ba ne ba na jira ba: ƙafa ta fara mutuwa ko kina jan ta, tsakanin cinyoyi ya yi dindiris, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninki ba, bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, ko rama ba dalili. Waɗannan asibiti ne a ranar.

Maigida ya faɗi kalma mai ciwo, kuma ita ce ta tura ki ga abin da zai iya cutar da ke. Ina kyautata zaton tsoro ne ya yi magana da bakinsa, don ya ji abin da tiramadol ke yi wa masu shan sa ba bisa ƙa'ida ba. Ki samu lokacin da hankalinku ke kwance ki ce masa: ni ma so nake in rabu da shi, likita ya ce wata da watanni za a yi, ina so ka raka ni ka ji da kunnenka. Miji da ya ji bayanin daga bakin likita yakan koma mai tsaron jadawalin. In ya yarda, shi ne ma ya fi dacewa ya koyi tausar minti goman nan. Yaya kuma ki gode mata, ki ce kin karɓi shawararta ta tausa, amma mai laushi, kuma tare da magani, ba a madadinsa ba. Wanda aka ba aikin yi a jinya yakan rage yawan ba da fatawa.

Sauƙin da tausa ta ba ki, ki kashe shi a kan tafiya. Ki auna minti nawa kike iya takawa kafin zafi ya fara hawa. In goma ne, ki fara da bakwai kullum, ranar daɗi da ranar wuya duka, ki ƙara minti ɗaya ko biyu a mako. Tarkon da masu irin ciwonki ke faɗawa shi ne ranar da suka ji dama su yi aikin mako guda, su kwanta kwana uku. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abu huɗu kowane dare: adadin maganin da kika sha, zafi daga 0 zuwa 10, awoyin barci, da abin da kika iya yi a ranar. Na ƙarshen ya fi na biyun muhimmanci, domin a ciwo mai daɗewa ragin kashi ɗaya cikin uku na zafi tare da dawowar barci da hidimar gida nasara ce ta gaske. In kuma kika ga zuciyarki na yin duhu a lokacin ragi, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, kada ki bar shi a littafi, ki faɗa wa likita da wani naki a ranar.

Littafin nan shi za ki kai wa likita bayan mako shida. In amitriptyline bai karɓe ki ba, shi ma ba a yanke shi kwatsam, ana saukowa da shi ne, kuma akwai wani maganin da zai iya maye gurbinsa, duloxetine, da ake farawa da miligiram 30 a kai 60, wanda tashin zuciya ne babbar matsalarsa a makon farko, sai dai yana buƙatar a riƙa auna hawan jininki, kuma shi ma yana da irin wancan haɗarin in aka haɗa shi da tiramadol. Pregabalin kuma, wani maganin zafin jijiya, in wani ya ba ki shawararsa, kada ki haɗa shi da tiramadol da kanki: su biyun tare suna danne numfashi, kuma shi ma jiki na sabawa da shi.